"Yaran yanzu ba su da nibo": fashin baƙi kan ɗaliban kimiyya masu faɗuwa da waɗanda suka saki karatu

Duk sa'ad da aka manna sakamakon jarrabawar zangon farko, magana ɗaya ce ke zaga Maradi, daga fadojin shayi har zaurukan WhatsApp na iyaye: yaran yanzu ba su da nibo, wato iliminsu bai kai matakin da suke ba. Malamai na faɗa, iyaye na maimaitawa, har ɗalibin da ya shigo bara yana faɗar haka a kan ƙannensa na bana. Waɗanda suka faɗi su ma ba su rasa ta cewa ba: malam ba ya bayani, malam mugu ne, da gangan aka kama su. Kowa ya jefa wa wani laifi ya kakkaɓe rigarsa.

Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: yaron da ya ci bak, jarrabawar gama lise, a siri D ko siri C na kimiyya, wanda a lise ɗinsu na Tasawa ko Dakwaro shi ake nunawa a ce ga mai ƙoƙari, me ke sa shi cikin wata 3 ya koma bencin baya, ya duƙufa kan waya, daga baya a daina ganinsa kwata-kwata? Shi kuma malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan irinsa, akwai abin da ke hannunsa, ko sai dai ya karanta kur ɗinsa, wato laccarsa, ya kama gabansa? Na yi shekaru ina koya wa ƴan shekarar farko shimi, wato ilimin sinadarai, a wata makarantar gaba da lise, kuma rabin abin da zan faɗa daga can na ɗebo shi.

## Mai rauni daban, wanda ya saki daban

Mun saba zuba su a kwando ɗaya mu kira su malalata. Ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Mai rauni kullum yana aji, da sassafe ma yake zuwa don ya kama wuri a gaba. Kayensa cike yake tam, rubutu tsaf, an ja wa kowace ma'ana layi da jan bik. Da dare za ka same shi ƙarƙashin fitila yana kai da kawowa yana bita. Amma ka sauya wa tambaya riga, ka kawo masa abin da ya haddace ta wata fuska, sai ya tsaya cak. Wannan ba ƙoƙari ya rasa ba. Rami ne a ƙarƙashin ginin da yake ta aza wa tubali.

Wanda ya saki kuwa kansa na iya ja, ransa ne ya fita. Wani likita yake so ya zama, bai samu gurbi ba, ya tsinci kansa a fannin da bai taɓa mafarki ba. Wani kuma yayansa mai lisans yake kallo, shekara da shekaru yana zaune a fada ba aiki, sai ya tambayi kansa wahalar ta mece ce. Akwai na uku, wanda ba kai ba ne matsalarsa ba kuma zuciya ba, ciki ne: da rana yana kabu-kabu ko yana tsare shagon kawunsa, ajin ƙarfe 8 kuma yana zuwa ne da barcin jiya.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, yawancin na biyun daga na farko suke rikiɗewa. A sati na 2 yaro bai gane wani abu ba. Ya duba dama ya duba hagu, kowa na rubutu, sai ya ɗauka shi kaɗai ne aka bari a baya, bai san rabin bencin haka suke ba. Ɗaga hannu gaban taro, da Faransancin da in ya zame za a fashe da dariya, ba kowa ke da wannan ƙarfin hali ba. Kimiyya kuma ba ta jira, darasin yau a kan na jiya yake zaune, wanda bai gane mol ba, wato ma'aunin yawan sinadari, duk abin da zai biyo baya a shimi hayaniya ce a kunnensa. Kafin sati na 6 ya nemo garkuwa: ni dama ban damu da wannan darasin ba. Ya fi masa sauƙi a ce bai yi karatu ba, da a ce ya yi ya kasa. Wayar da malam ke hangowa a hannunsa hayaƙi ce kawai, wutar ta daɗe da kamawa a ƙasa.

## Tsarin da ke ɓoye rami sai an faɗa ciki

Shekaru kusan 40 Nijar jami'ar gwamnati guda take da ita, ta Yamai, wadda aka kafa a 1971. A 2010 aka buɗe ta Maradi da ta Tawa da ta Damagaram, a 2014 aka ƙara ta Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Ta nan garin tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan Maradi, masanin shimi da ya riƙe ma'aikatar ilimi. Wannan alheri ne babba, don ɗan manomin Mayahi da ba zai taɓa iya zaman Yamai ba yanzu jami'a ta zo masa kusa da gida. Sai dai a ko'ina cikin ƙasashenmu yawan ɗalibai ya fi yawan malamai da ɗakunan gwaji saurin gudu.

Tsarin da ake bi, LMD, wato lisans, masta da doktora, ya yanka lisans zango 6 cikin shekara 3, kowane zango kiredi 30. Darasi kuma kashi 3 ne: kur a amfi, babban zauren lacca, inda malam ke magana, TD inda ake warware aiki a ƙananan rukunai, da TP inda ɗalibi ke taɓa kayan gwaji da hannunsa. A takarda babu laifi, TD ne wurin da ya kamata a kama rauni tun yana ɗanye. Amma idan rukunin TD ya kumbura ya kai girman aji, malam ne zai warware a tablo ɗalibai su kwafa, ya zama kur na biyu da sunan TD. TP kuma ya zama kallo, mutum 2 na aiki 10 na leƙe ta kafaɗa. Ƙara da yajin aiki, yau na malamai gobe na ɗalibai, wanda ke matse zango, da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya sauke darasin zango guda cikin sati ɗaya ko biyu don ya koma. Yaro zai iya kai wa ranar jarrabawa ba wanda ya taɓa jin abin da ke cikin kansa, har da shi kansa.

Abin ban mamaki, mu da muka tashi a makarantar allo mun san akasin wannan. Ba a wanke allo sai yaro ya durƙusa gaban malam ya kawo karatunsa an ji. In ya yi tuntuɓe a nan take za a gyara, gobe ya sake kawowa. Makaranta mai yara ɗari ma tana yin haka, domin manyan almajirai na sauraron ƙanana. Ba wanda ke wata 4 ba a ji bakinsa ba. Boko ya ba mu amfi da makirfo da polikope, wato takardun darasi da ake bugawa a raba, amma wannan abu ɗaya, jin karatun yaro kafin a ƙara masa, shi muka bari a zaure. A ganina nan ne cutar take, fiye da nibon da ake ta zagi.

## Faransanci, lissafi, da ƙofar da ba a buɗe ba

Wata rana a TD na ba da aikin sirki: ga ruwan gishiri mai ƙarfi kaza, an ƙara masa ruwa har ya ninka, nawa ƙarfinsa ya koma? Wata ɗaliba ta rubuta ƙa'idar daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya, ta yi lissafi ta samu amsar da ta fi ta farko girma, ta ja mata layi biyu. Na ja kujera na zauna kusa da ita, na bar Faransanci.

"Ƴata, kin dama zoɓo kin zuba sukari, sai baƙi suka ƙaru kika ƙara ruwa. Zaƙin ƙaruwa zai yi ko raguwa?"

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. "Haba Malam, raguwa mana."

"To sukarin fa, ya fita daga robar?"

Ta yi jim. "A'a, yana nan. Bazuwa ya yi."

"Layin nan da kika rubuta, abin da yake faɗa ke nan, ba ƙari."

Ta dubi kaye, ta dube ni, ta sake duban kaye. "Malam, ashe dama wannan ne?"

Tun tana lise take ɗauke da ƙa'idar nan. Ramuka biyu na gani a wurin. Na farko lissafi, ta juya abin da za a raba da abin da za a raba da shi. Na biyu ya fi zurfi: ba ta tsaya ta tambayi kanta ko amsar ta shiga hankali ba, domin a wurinta ƙa'ida tana zaune cikin kaye da Faransanci, zoɓo yana zaune a gida da Hausa, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata akwai ƙofa a tsakani.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Abdou Moumouni Dioffo, masanin fizik da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da yara da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ban ce a wayi gari a fassara shimi gaba ɗaya ba, littattafan da jarrabawar da Faransanci suke, kalmomin fanni kuma dole a riƙe su yadda duniya ta san su. Kuma ajin jami'a a Maradi ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, malamin da ya zarce da Hausa zai bar wasu a waje kamar yadda Faransanci ya bar wasu. Abin da nake nufi ƙarami ne: a bar ɗalibi ya yi tunani da harshen da yake tunani da shi, shi da na kusa da shi, sannan ya dawo da amsar cikin harshen jarrabawa.

Ramin lissafi kuwa kusan kullum wurare ƙalilan ne: rabawa da ɓangarorin lamba, ƙarfin goma, sauya ma'auni daga miligiram zuwa giram ko mililita zuwa lita, logaritim da ake buƙata wajen pH wato ma'aunin tsamin ruwa, da karanta zanen jadawali. Asalinsa sananne ne. Kolejin ƙauye da yawa na fama da ƙarancin malaman lissafi da fizik, wasu masu kwantaragin da ke riƙe da ajin ba fannin suka karanta ba, ɗalibai da dama sun ci bak ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Shirin bak ɗin kansa haddar tsoffin tambayoyi ne da amsoshinsu. Ni ba na cikin masu raina hadda, baiwa ce da allo ya ba yaranmu, wanda ya haddace izu 60 jadawalin sinadarai ba zai ba shi tsoro ba. Amma hadda ajiya ce, kimiyya kuma tambayarta ita ce me za ka yi da abin da ka ajiye in aka kawo maka abin da ba ka taɓa gani ba.

## Abin da masu bincike suka gano

Kada a ɗauka wannan cutar tamu ce mu kaɗai. Wajejen 1990, Eric Mazur, malamin fizik a jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ɗalibai ke yaba wa iya bayani, ya ba ajinsa gwajin tambayoyi masu sauƙi kan ƙarfi da motsi, waɗanda ba lissafi a cikinsu sai fahimta. Sakamakon ya girgiza shi: yaran da ke warware lissafi mai wuya sun kasa tambayar da ta fi kama da zancen zoɓon nan. Sai ya sauya salo. Ya yi ɗan bayani, ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga maƙwabcinsa ya nemi shawo kansa, a sake zaɓe. Sau da yawa zagaye na biyu masu amsa daidai sun ƙaru sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya gane abu minti 5 da suka wuce bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, farfesan da ya gane shi shekara 30 baya ya manta akwai ma dutse a wurin.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi kan azuzuwan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Inda malam ke magana ɗalibai na sauraro kawai, kusan 34 cikin 100 ne ke faɗuwa. Inda ake sa su aiki da muhawara a cikin aji, kusan 22 cikin 100. Ribar ta fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma manya ma sun samu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Uri Treisman, malamin lissafi a jami'ar Berkeley ta Amurka cikin shekarun 1970. Ya so ya san dalilin da ɗalibai baƙar fata, waɗanda suka shigo da sakamako mai kyau, ke faɗuwa a lissafin shekarar farko, alhali ƴan asalin Sin na wucewa. Ya bi su ya ga yadda suke karatu. Ba lalaci ya tarar ba. Na farkon kowa shi kaɗai yake karatu a ɗakinsa, na biyun bayan karatun kaɗaici sukan taru su gwada amsoshi, su kama wa juna kuskure. Da ya tashi gyara bai buɗe ajin masu rauni ba, ya buɗe zaman rukuni mai tambayoyi masu wuya, ya gayyace su a matsayin waɗanda ake sa ran za su yi fice. Wannan darasi ne gare mu: ka rubuta a ƙofa cewa nan ne ajin waɗanda ba su gane ba, ka ga ko ɗan Maradi mai jin kansa zai shiga.

Gaskiya ne yawancin binciken nan a Amurka aka yi shi, inda wuta ba ta ɗaukewa a tsakiyar darasi. Amma ka duba abin da salon ke buƙata: tambaya mai kyau, da maƙwabci. Duka biyun ba sai an yi odarsu daga waje ba.

## To, a ajin mutum 300 fa?

Abu na farko, gwajin satin farko, wanda ba ya shiga maki. Tambaya 10 kan ramukan lissafin da na lissafa. Malam ya san da wa yake magana, ɗalibi kuma ya ga raminsa tun da sauran lokacin cikewa. Sa'a 4 da za a kashe kan sauya ma'auni a farkon zango ta fi sati 4 na sabon darasi da za a zuba a tulu mai huji.

Na biyu, a yanka kur. Bayan kowane minti 15 ko 20 a tsaya a jefa tambaya mai zaɓi 4. Ba a buƙatar na'ura. Ni takardar kaye nake sa kowa ya ninke gida huɗu ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙi, in na ƙirga uku kowa ya ɗaga a ƙirjinsa, ba sama ba, don na baya kada ya kwafi na gaba. Daga kan dandamali cikin ƙiftawar ido ka ga ajinka tsirara. Ranar farko da na gwada, bayan bayanin da na ji daɗinsa har ina yaba wa kaina a zuci, fiye da rabin ajin suka ɗaga amsar da ba ita ba. Ban ji daɗi ba, amma gara na sani a ranar da in sani ranar gyaran takardu. In suka rabu, minti 2 na muhawara da na kusa, da kowane harshe. Amfi zai ɗauki hayaniya kamar kasuwa, wanda ke wucewa a waje zai ce malam ya kasa riƙe aji. Na bencin baya ma sai ka ga ya ajiye waya, don an tambaye shi ra'ayinsa kuma na kusa da shi ya ce ba haka ba ne.

Ƙarshen darasi kuma guntuwar takarda ba suna: me ya fi shige maka duhu yau? Wanda ba zai ɗaga hannu ba har abada zai rubuta. Ka ɗebi 30 ka karanta a gida, gobe ka fara da abin da ya fi maimaituwa.

Sai misalai, kuma a nan ne nake ganin muna asara mafi girma, don ƙasar nan cike take da su. Za ka koyar da ma'aunin miligiram cikin lita? Ga Tibiri a bayan gari, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara ya ɓata musu haƙora cikin shekarun 1980 da 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita. Ba ɗalibin jihar nan da zai yi hamma in aka ce masa lambar da yake lissafawa ita ce tsakanin ruwan sha da gurgunta. Za ka koyar da numfashin halittu? Ga buhun wake mai gida uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maradi suka yi aiki a kansa: leda biyu a ciki, buhu a waje, ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su kasa rayuwa, ba tare da an zuba guba ba. Ka tambaye su me zai faru in ɓera ya huda ledar, ka ga hannuwa. Wutar lantarki kuwa, ga faranti mai zuƙar rana da batir a kan kowane shagon cajin waya.

Rashin ɗakin gwaji gaskiya ne, amma ba duk gwaji ke buƙatarsa ba. Ruwan zoɓo in ka matsa masa lemun tsami ja zai ƙara yi, in ka zuba masa ruwan kanwa ko na toka sai ya juya ya yi duhu ya koma wajen kore. Ga darasin asid da kishiyarsa da kuɗin da bai kai dala 40 a kuɗin sefa ba. Zare mai tsawon mita 1 da dutse a ƙarshensa, kai da kawowarsa ɗaya kusan daƙiƙa 2 ne, da agogon wayar nan da ake zagi ɗalibi zai fitar da ƙarfin jan ƙasa kusa da 9.8. Ban ce wannan ya maye gurbin TP na gaskiya ba, mai zama likita ko injiniya dole ya taɓa kayan aikin gaske. Amma ya fi zaman jira.

Ƴan masta kuma su ne manyan almajiranmu. Kowane ɗaya ya riƙe rukunin mutum 10 sau ɗaya a sati, a ba shi ɗan abin sabulu ko a lissafa masa shi cikin karatunsa.

## Masu ja, da inda suke da gaskiya

Wani abokin aikina, dattijo da nake girmamawa, ya taɓa ce mini: "Ƙanena, jami'a ba firamare ba ce. Mu ma haka muka yi karatu, ba wanda ya lallashe mu." Na ce masa, Yaya, ku nawa kuka shiga, ku nawa kuka fita? Waɗanda suka tsira ne ke ba da labari, waɗanda suka nutse ba sa zuwa taron malamai.

Amma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Akwai manhaja da dole a gama, kuma duk minti 2 na muhawara daga jikinta ake yanka. Amsata ita ce gama manhaja a bakin malam ba gama ta ba ne a kan ɗalibi, sai dai na yarda wani abin dole a tura shi polikope a karanta a gida. Akwai kuma maganar ƙarin girma: malamin jami'a a ƙasashenmu ta hannun CAMES yake hawa, hukumar kula da ilimin jami'a ta ƙasashen Afirka da dama da aka kafa a Yamai a 1968, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta binciken da aka wallafa ne. Daren da ka kashe kana karanta guntayen takardun ɗalibai ba ya ƙara maka komai a fayil. Muddin haka abin yake, masu yin wannan aiki za su kasance ƴan sa-kai ne.

Inda na tsaya tare da su ɗari bisa ɗari shi ne batun maki. Taimakon mai rauni ba shi ne a ɗaga masa 7 cikin 20 ta koma 10 don tausayi ba. Wanda zai auna maganin jariri ko ya lissafa ƙarfen gada, in bai iya sauya ma'auni ba, tausayin da aka yi masa wani ne zai biya shi. Katangar ta zauna yadda take, tsani ake magana a kai.

Ɗalibai su ma suna ja, kada a ce malamai ne kawai. Sun saba a yi musu shifta su kwafa, in ka ce su yi tunani sai wani ya ce malam bai shirya darasi ba. A 2019 wani bincike a ajin fizik na Harvard ya nuna wannan ƙarara: waɗanda aka sa aiki a aji sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi ƙaruwa da laccar da aka zuba musu sumul. Daɗin sauraro na kama da ganewa. Shi ya sa dole malam ya gaya musu tun ranar farko dalilin da zai wahalar da su.

## Abin da ya fi ƙarfin alli

Ba takardar A, B, C, D da za ta cika cikin da bai karya ba. In buris, kuɗin tallafin ɗalibai, ya makara, in ɗakin kwana bai samu ba yaro na raɓe gidan dangi a wata unguwa mai nisa, in ɗaliba dole ta koma gida kafin magariba alhali rukunin karatu da dare yake zama, ko ana mata maganar aure a tsakiyar zango, wannan aikin hukuma ne da na iyaye. Abin da malam zai iya shi ne ya lura da wuri, ya sa zaman rukuni da rana, ya tambayi wanda ya ɓace sati 2 kafin ya zama wata 2.

Talaka kuma ta hanya biyu abin ke dukansa. Ta farko a bayyane take: akuyar da aka sayar da damin hatsin da aka fitar don kuɗin rajista da haya, shekara ta tafi ba kiredi. Ta biyu ba a ganinta sai an jima. Wanda ya lallaɓa ya fita da hadda zalla, shi ne gobe zai karɓi alli a kolejin Gazawa ko Gidan Rumji, ya yi wa yara shiftar ƙa'idar da shi ma bai san zoɓo take nufi ba, bayan shekara 7 su iso amfi mu ce ba su da nibo.

Ɗalibar nan ta zoɓo ta faɗi zaman farko, ta wuce a ratarapaj, wato zama na biyu na jarrabawa, da 11, daga baya ita ke riƙe da rukunin ƴan mata na ranar Asabar. Wani yaro kuma da ke zama layi na uku daga baya, wanda a gwajin zare da dutse shi ya fara cewa nauyin dutsen ba ya sauya lokacin, tun kafin in faɗa, bayan hutun zango ban sake ganinsa ba. Watanni bayan haka na tsayar da kabu-kabu a bakin babbar kasuwa, ya cire ƙyallen da ya rufe hanci, ashe shi ne. Ya kai ni har ƙofar gida ya ƙi karɓar kuɗi. Na gaya masa a tsarin LMD kiredin da mutum ya ci ba ya zubewa, nasa 12 suna nan a ajiye. Ya ce bai sani ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya tambaye ni yaushe ake buɗe rajista, ya ajiye ranar a wayarsa, wata mata ta ɗaga masa hannu daga tsallaken titi ya tada mashin.